Tallafin Ɗumama Gida a Birtaniya: Wa Ke Karɓa, Wa Ke Biya?

Tun daga watan Mayun 2022 gwamnatin Birtaniya take ɗauke wa masu gidaje a Ingila da Wales wani kaso na kuɗin sauya abin da suke ɗumama gida da shi. Duk wanda ya yarda ya cire tukunyar gas ko ta mai da ke dafa ruwan ɗumama ɗakunansa, ya kafa na'urar lantarki mai zuƙo ɗumi daga iskar waje ko daga cikin ƙasa, ana rage masa kuɗin aikin daga baitulmali, kuma kyauta ce, babu batun biya daga baya. Sunan shirin Boiler Upgrade Scheme, kuma hukumar Ofgem mai sa ido kan harkar makamashi ce take gudanar da shi. Da aka fara, fam 5,000 ake bayarwa ga na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iska, fam 6,000 ga mai zuƙowa daga ƙasa, sannan a watan Oktoban 2023 gwamnatin Rishi Sunak ta ɗaga su duka biyun zuwa fam 7,500. Ina cikin masu ganin cewa gwamnati ta yi daidai da ta sa hannu a aljihu a kan wannan lamari. Abin da nake ja da shi shi ne yadda aka tsara rabon, domin an tsara shi ta yadda mai hali ne kaɗai zai iya miƙa hannu ya karɓa, sannan an bar babban abin da ke hana mutane sauyawa, wato tsadar wutar lantarki, yana nan inda yake.

Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, inda bargo da rigar sanyi da kaskon wuta suke wadatarwa na 'yan makonni, zai iya ɗaukar ɗumama gida a matsayin jin daɗi. A Birtaniya larura ce irin ta ci da sha. Daga wajen Oktoba har zuwa Afrilu gidan da ba a ɗumama shi ba ba ya zaunuwa: bango yana yin gumi, baƙin funfuna yana fitowa a kusurwar ɗaki da bayan kabad, yara suna kwana da tari, kuma duk shekara mace-macen tsofaffi suna ƙaruwa a watannin sanyi. Kusan kashi 85 cikin ɗari na gidajen ƙasar da gas suke ɗumama kansu, ta wata tukunya da ake maƙalawa a bangon kicin, tana dafa ruwa tana tura shi ta bututu zuwa ƙarafan da ke manne a bangon kowane ɗaki. Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya ƙiyasta cewa ɗumama gidaje kaɗai ya fitar da kashi 18 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya da ƙasar ta fitar a 2021. Ƙasar kuwa ta ɗaure kanta da doka tun 2019 cewa zuwa 2050 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take iya shafewa ba. A ɓangaren samar da lantarki ta yi nisa, har ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal, wadda ke Ratcliffe-on-Soar, a ƙarshen Satumban 2024. Amma tashoshin wuta 'yan kaɗan ne, ana iya rufe su da shawarar minista da 'yan kamfanoni. Tukwanen gas sun haura miliyan 20, kowace tana cikin kicin ɗin wani, kuma babu mai cire ta sai mai gidan ya yarda.

Na'urar da ake so a kafa ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firiji ya ji ɗumi ya riga ya ga yadda take aiki, domin firiji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin da ke cikinsa yake kwasowa ya zubar a waje. Wannan na'ura haka take yi, sai dai daga waje take kwasowa ta zuba a cikin gida. Akwati ne mai fanka da ake ajiyewa a jikin bango ta waje, a cikinsa akwai wani ruwan sinadari da ke tafasa ko da iska tana da sanyin ƙanƙara. Idan ya zama tururi sai injin ya matse shi, matsewar ta ƙara masa zafi, shi kuma ya miƙa zafin ga ruwan da ke zagaya ɗakuna. Tun da ɗauko ɗumi take yi daga wani wuri, kowane awo ɗaya na lantarki da ta sha yana iya kawo awo uku ko huɗu na ɗumi, alhali tukunyar gas mafi kyau awo ɗaya na gas ba ya ba ta cikakken awo ɗaya. Masu cewa ba ta jure sanyi sai su dubi Norway da Suwidin da Finland, inda sanyi ya ninka na Ingila amma nan ne aka fi yawan amfani da ita a Turai. Tana da sharuɗɗanta dai. Ruwan da take turawa bai kai na tukunyar gas zafi ba, don haka sau da yawa sai an sauya ƙarafan bango da manya, an nemi wurin ajiye tankin ruwan wanka, kuma idan gidan tsoho ne mai zubar da ɗumi ta rufi da tagogi, gara a toshe waɗannan kafofin. Wannan ne ya sa aikin gaba ɗaya yakan kai wajen fam 13,000 a matsakaicin gida, alhali sabuwar tukunyar gas da kuɗin kafa ta ba ta cika wuce fam 3,000 ba.

Akwai masu tambaya, kuma tambayarsu tana da ƙarfi, cewa don me za a ɗauki harajin direban bas da mai jinyar tsofaffi a gyara wa wani gidansa. Amsata ita ce hayaƙin da ke fita daga gidan mutum ba ya tsayawa a kansa. Wanda ya ƙona gas shi ya ji ɗumin, amma illar ta watsu a kan kowa, har da manomin da damina ta rikice masa a ƙasar da ba ta taɓa ganin tukunyar gas ba. Haka nan idan ya daina ƙonawa, amfanin na kowa ne, kuɗin kuwa nasa ne shi kaɗai. Duk inda lamari ya kasance haka, ba a barin sa ga kasuwa da kyakkyawar niyya. Birtaniya ma ta taɓa bin wannan hanya. A watan Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan na kwanaki biyar, aka fara ƙidaya matattu 4,000, daga baya bincike ya nuna adadin ya kusa ninka haka sau uku. Dokar tsaftace iska ta 1956 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni, kuma ta tanadi a biya wa masu gida kashi 70 cikin ɗari na kuɗin sauya murhunsu. Yau babu mai cewa an yi asarar waɗannan kuɗi.

Akwai kuma hujjar da ba ta da alaƙa da sauyin yanayi ko kaɗan. Birtaniya tana shigo da kusan rabin gas ɗin da take amfani da shi. Da Rasha ta mamaye Yukiren a 2022 farashi ya tashi sama, gwamnati ta ba kowane gida fam 400, sannan ta ɗora iyaka ta yadda matsakaicin gida ba zai biya fiye da fam 2,500 a shekara ba, ita kuma ta cike gibin da dubban miliyoyin fam. Waɗannan kuɗi sun tafi da sanyin shekarar, ba su bar ko bututu ɗaya a gidan kowa ba. Fam miliyan 450 da aka ware wa shirin sauya tukunya a shekaru ukunsa na farko ɗan ƙaramin abu ne a kan wannan, kuma abin da aka saya da su zai yi shekaru goma sha biyar ko ashirin yana aiki. Saboda haka masu kukan cewa gwamnati ba ta da hurumi a kicin ɗin mutane sun makara, domin ta daɗe a ciki, gas kawai take tallafawa.

To, amma ina aka kwana? A 2020 firaministan lokacin, Boris Johnson, ya yi alkawarin cewa zuwa 2028 za a riƙa kafa irin wannan na'ura 600,000 duk shekara. Rahoton mai binciken kuɗi na Maris 2024 ya nuna cewa a 2022 kimanin 55,000 aka sayar, kuma daga Mayun 2022 zuwa Disamban 2023 shirin tallafin ya kafa 18,900 ne kawai, inda ake sa ran 50,000. Tun kafin nan wani kwamiti na majalisar dattawan ƙasar ya faɗa ƙarara cewa shirin ba ya cimma abin da aka kafa shi dominsa. Da aka ɗaga kuɗin zuwa fam 7,500 masu nema sun ƙaru sosai, wannan gaskiya ne, kuma ya nuna cewa kuɗi ne matsalar, ba ƙiyayya ga na'urar ba. Duk da haka cinikin 2024 bai kai 100,000 ba, a ƙasar da ake sayar da tukwanen gas sama da miliyan ɗaya kowace shekara.

A nan ne nake so a tsaya a yi lissafi da idon talaka. Aiki na fam 13,000, an rage 7,500, saura 5,500, kuma wannan idan ba a tarar da wata matsala a gidan ba. Tukunyar gas kuwa ba ta sanar da ranar mutuwarta. Takan mutu ne a tsakiyar Janairu, da dare, yara suna rawar sanyi, ruwan wanka ya ƙi zafi. Mai gyara zai iya zuwa gobe ya kafa sabuwa kafin la'asar. Na'urar zuƙo ɗumi kuwa sai an zo an auna kowane ɗaki, an lissafa yawan ɗumin da yake zubarwa, an sanar da kamfanin rarraba wuta, mai aikin ya nemi takardar tallafi a madadin mai gida, sannan a sa rana. Iyalin da ke cikin sanyi ba za su jira makonni ba. Wanda yake iya shiga shirin shi ne wanda yake da ajiya a banki, yake da filin ajiye akwatin a waje da wurin tanki a ciki, yake da natsuwar tsara abu tun watanni kafin buƙata ta taso. Irin wannan mutum, a mafi yawan lokuta, da ma yana iya biya ko ba a taimake shi ba, ko kuma ɗan ƙaramin taimako zai ishe shi. Shirin ba ya tambayar abin da mutum yake samu. Mai katafaren gida a karkarar Surrey da gwauruwar da ke zaune a ɗan gidan jere a Bradford tana rayuwa da fansho, fam 7,500 ɗaya aka ajiye musu, sai dai shi zai ɗauka, ita kuwa ko kusa ba za ta je ba. An raba daidai a takarda, amma a zahiri ba a yi adalci ba.

Sai kuma 'yan haya, waɗanda su ne suka fi damuna, domin a cikinsu ne mafi yawan baƙi suke, har da 'yan uwanmu da suka je karatu ko aikin asibiti. Kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan Ingila haya suke yi, ko a hannun masu gidaje ko a gidajen ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje. Ɗan haya ba shi da ikon cire ko ƙusa ba tare da izini ba, balle tukunya. Mai gidan haya yana iya neman tallafin, amma me zai kai shi? Shi zai biya cikon, ɗan haya ne zai ji ɗumin. Idan kuma ya yi, babu abin da zai hana shi ƙara kuɗin haya da hujjar cewa gidan ya inganta, ta yadda kuɗin jama'a zai koma ƙarin darajar kadararsa. Gidajen haya masu zaman kansu kuwa su ne suka fi yawan sanyi da danshi. A garin Rochdale na Ingila, a watan Disamban 2020, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu, kuma binciken kotu ya tabbatar cewa funfunar da ke gidan da iyayensa suke haya a hannun wata ƙungiyar gidaje ce ta kashe shi. Ƙasar da irin wannan yake faruwa a cikinta bai kamata shirinta mafi shahara na ɗumama gida ya zama wanda aka gina don masu ajiya ba. Gaskiya ne akwai wasu shirye-shirye daban da aka ware wa marasa ƙarfi, amma nasu labarin ma ba daɗi: a 2025 mai binciken kuɗi ya gano cewa kusan duk gidajen da aka liƙa wa bangonsu kayan tsare ɗumi ta waje a ƙarƙashin waɗannan shirye-shirye suna buƙatar gyara saboda aikin ha'inci. Mai hali ya samu ƙwararren ma'aikaci da ya zaɓa da kansa, marar hali ya samu ɗan kwangilar da babu mai duba aikinsa.

Ko da an warware batun kuɗin saye, akwai na gudanarwa, kuma a ganina nan ne gizo yake saƙar. A Birtaniya awo ɗaya na lantarki ya kusa ninka awo ɗaya na gas sau huɗu a farashi, ɗaya daga cikin gibi mafi faɗi a Turai. Lissafin ba shi da wuya. Idan gas naira ɗaya ne, lantarki naira huɗu, tukunya mai ba da kashi 90 cikin ɗari za ta samar da awon ɗumi a kan naira ɗaya da 'yan kwabbai. Na'urar da ke mayar da awo ɗaya uku za ta samar da shi a kan naira ɗaya da sulusi, wato ta fi tsada. Sai ta haura uku da rabi sannan su yi kunnen doki. Na'urar da ƙwararre ya kafa da kyau tana haura haka, musamman idan mai gida ya shiga tsarin biyan wuta mai sauƙi da dare, ya kuma yanke bututun gas gaba ɗaya ya huta da kuɗin tsayuwar da ake caja kullum. Amma wadda aka kafa da gaggawa ba ta kaiwa. Ke nan ana ce wa mutum ya kashe dubban fam don ya samu takardar biya da ba ta ragu ba, wataƙila ma ta ƙaru. Mai kishin muhalli da aljihunsa ke da nauyi zai yi. Magidancin da ke ƙirga kowane fam ba zai yi ba, kuma ba shi da laifi.

Abin takaicin shi ne wani ɓangare na wannan gibi gwamnati ce ta gina shi da hannunta. Shekara da shekaru ana ɗora kuɗin tallafa wa tashoshin iska da na hasken rana, da na wasu shirye-shiryen jin ƙai, a kan takardar lantarki, aka bar ta gas kusan ba kaya. Tashar da ke ƙona gas don samar da wuta tana biyan kuɗin hayaƙinta, tukunyar da ke ƙona gas ɗin nan a kicin ba ta biyan ko kwabo. Sannan tsarin kasuwar ya sa tashar da ta fi tsada a cikin waɗanda ake buƙata a kowace sa'a, wadda galibi ta gas ce, ita take yanke farashin duka wutar. Wato da hannun dama ana ba mutum fam 7,500 sau ɗaya don ya koma lantarki, da hannun hagu ana cazar sa duk wata saboda ya koma. An fara sauke wani ɓangare na wannan kaya daga takardar lantarki zuwa harajin gama-gari, kuma wannan shi ne daidai, amma muddin gibin yana nan kusa da yadda yake, tallafin zai ci gaba da zama turin mota a kan tudu. A Suwidin, wadda ta ɗora haraji a kan hayaƙin kabon tun 1991, da Norway, wadda wutarta daga madatsun ruwa take zuwa kuma ta haramta ɗumama gini da mai daga 2020, mutane sun sauya ne domin lissafin gida ya nuna musu riba. Na san hatsarin da ke cikin wannan gyara: idan aka kwashe kayan daga lantarki aka jibga wa gas kai tsaye, talakan da bai iya sauyawa ba shi zai sha wuya. Shi ya sa nake ganin baitulmali ne ya kamata ya ɗauka, inda mai samu da yawa yake biya da yawa.

Matsala ta gaba ita ce rashin tsayawa a kan magana. An ƙaddamar da shirin rancen gyaran gida mai suna Green Deal a 2013, aka janye masa kuɗi a 2015. An buɗe Green Homes Grant a Satumban 2020 da alkawarin gyara gidaje 600,000, aka rufe shi a Maris 2021, bayan wata shida, bai kai ko kashi ɗaya cikin goma ba, ƙananan kamfanonin da suka ɗauki ma'aikata domin sa suka shiga uku suna jiran biya. A jawabin da Sunak ya ƙara tallafin a Satumban 2023, a nan ne kuma ya ɗage hana sababbin tukwanen mai daga 2026 zuwa 2035. Ka ɗauki mai gyaran tukunya ɗan shekara hamsin, da motarsa da yaronsa ɗaya, aiki yana zuwa masa kullum. Don me zai rufe shago ya tafi koyon sabuwar sana'a, ya biya kuɗin rajista, a kan shirin da gwamnati mai zuwa za ta iya sokewa? Shi ne kuma wanda mai gida yake tambaya idan tukunya ta mutu, kuma abin da ya iya shi zai ba da shawara a kai. A Jamus an ga wani salon wannan ciwo. Rigimar da ta biyo bayan dokar ɗumama gini ta minista Robert Habeck a 2023 ta tsorata mutane har suka ruga sayen tukwanen gas kafin a hana, kuma cinikin na'urar zuƙo ɗumi da ya kai 356,000 a shekarar ya faɗi da kusan rabi a 2024. A Amurka ragin haraji na dala 2,000 da wata dokar 2022 ta kawo wa masu kafa na'urar, wata dokar ta 2025 ta datse shi. Sana'a ba ta girma a kan alkawarin da ke sauyawa da kowane zaɓe.

Ba kuma ina cewa a buɗe bakin jaka ba ne. Italiya ta gwada biyan kashi 110 cikin ɗari na kuɗin gyaran gida daga 2020, sai ya zama babu mai tambayar farashi tun da ba shi zai biya ba, kuɗin ya haura yuro biliyan 100, zamba ta shigo, har gwamnatin Giorgia Meloni ta taka masa birki. A Ireland ta Arewa wani shiri ya riƙa biyan 'yan kasuwa fiye da kuɗin makamashin itacen da suke ƙonawa, ta yadda yawan ƙonawa ya zama yawan riba, kuma badaƙalar ta rusa gwamnatin yankin a Janairun 2017. Mu ma da muka ga yadda tallafin man fetur da na takin zamani suka riƙa ƙarewa a hannun wanda ba don shi aka yi ba, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani: ingancin tallafi yana ga wanda ya isa hannunsa da abin da ya sauya, ba ga girman adadin da aka sanar ba.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne tsarin da Jamus ta fara a 2024, duk da rigimar da ta haife shi. Kowa yana samun kashi 30 cikin ɗari, wanda ya yi saurin cire tsohuwar tukunya yana samun ƙari, iyalin da kuɗin shigarsu mai haraji bai wuce yuro 40,000 a shekara ba suna samun wani kashi 30, jimilla ba ta wuce kashi 70 na yuro 30,000. Faransa ma a shirinta na MaPrimeRénov' tana raba mutane aji-aji gwargwadon samunsu. Sikotland kuwa tana haɗa kyautar fam 7,500 da rance marar ruwa na cike gibin, da ƙari ga mazauna karkara da tsibirai, kuma wannan rance marar ruwa abu ne da Musulmin da ke gudun riba zai iya karɓa da kwanciyar hankali. Da za a haɗa waɗannan a Ingila, a rage wa mai hali, a biya wa marar hali duka, a ba na tsakiya rance, a kuma ɗaure mai gidan haya da ya karɓi tallafi da sharaɗin kada ya ƙara haya ko ya kori ɗan haya na wasu shekaru, da kuɗin nan ɗaya sun yi aiki ninki. Akwai abu ɗaya mai kyau a tsarin Ingila da ya kamata a riƙe, wato mai aikin ne yake cike takardu kuma ana cire kuɗin daga farashi tun farko, mai gida ba ya biya sannan ya bi gwamnati bashi.

Akwai kuma dalilin da ya sa barin lamarin gida-gida, kowa da ƙarfinsa, yake da haɗari fiye da yadda ake zato. Bututun gas da ke ƙarƙashin titunan ƙasar yana da kuɗin kulawa da na biyan jarin da aka zuba, kuma ana raba wannan kuɗi ne a kan duk masu amfani da shi. Duk gidan da ya yanke gas, kasonsa yana komawa kan waɗanda suka rage. Idan masu hali suka fita ɗaya bayan ɗaya da taimakon baitulmali, waɗanda za su rage a kan bututun su ne 'yan haya da tsofaffi da mazauna benaye, kuma su ne za su ɗauki nauyin da a da ake rabawa tsakanin gidaje sama da miliyan 20. Ƙasar ta taɓa yin irin wannan sauyi ta wata hanya. Tsakanin 1967 da 1977, bayan an gano gas a Tekun Arewa, ma'aikata sun bi unguwa-unguwa, titi-titi, suka shiga gidaje sama da miliyan 13 suka sauya kawunan murhu da na tukwane don su dace da sabon gas ɗin, ba tare da an caji mai gida ba, ba kuma tare da an tambayi ko yana da ajiya ba. Aikin yau ya fi wancan tsada da wuya, kuma ba kowace unguwa ce na'urar gida ɗaya za ta dace da ita ba, domin benaye da tsakiyar birane sun fi dacewa da babbar tasha ɗaya mai tura ruwan zafi zuwa gidaje da yawa. Amma hakan ma yana buƙatar ƙaramar hukuma ta zauna ta ce wannan unguwa kaza za a yi mata, a shekara kaza, sannan a rufe bututunta gaba ɗaya, a fara kuma da unguwannin da sanyi ya fi cin mutanensu. A 2023 an tsawaita shirin tallafin zuwa 2028, kuma tukunyar gas da aka kafa a 2028 za ta iya kaiwa bayan 2040 tana ci.